Dalilin da Ya Sa Fayiloli Ke Ɓacewa Idan Wuta Ta Ɗauke

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani kan wata asara da ke damun Hausawan Sudan, musamman tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, lokacin da wutar lantarki ta ƙara taɓarɓarewa. Mutane a nan Gadarif suna adana hotunan takardun filaye da na shaidar karatu a filashi ko katin memori, sai wuta ta ɗauke ana cikin kwafa, daga nan kwamfuta ta ƙi buɗe su. Akan ɗora wa katin laifi, alhali sau da yawa fayilolin suna nan. Abin da ya lalace shi ne bayanan jagora, wato lissafin da ke nuna sunan kowane fayil da gurbin da yake zaune.

Tsarin adana fayiloli na FAT32 da exFAT, waɗanda yawancin katuna ke zuwa da su, suna sabunta wannan lissafi ne a kan tsohonsa, saboda haka idan aikin ya yanke a tsakiya, tsohon ya tafi, sabon kuma bai kammala ba.

A shekarar 1991, Mendel Rosenblum da John Ousterhout na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka gabatar da Sprite LFS, tsarin da ke rubuta komai a jere, fayil da jagorarsa baki ɗaya, a sabon wuri, kamar ɗan kasuwar da ba ya kankare lissafin jiya a littafin bashi, sai dai ya ƙara sabon layi a ƙasa. Tunda jagorar tana sauya wuri, sai suka yi mata taswira, ita ma ana rubuta ta cikin jerin. Gurbi biyu kawai aka kafe domin nuna inda taswirar take, ana rubuta su bi da bi, ta yadda idan ɗaya ya lalace ɗayan yana nan lafiya. A ganina hikimar tsarin duka tana cikin waɗannan gurabe biyu.

Yana da nasa nauyi, domin dole a riƙa share tsofaffin kwafi a tattara masu amfani, kuma wannan aiki yana rage sauri idan rumbun adana bayanai ya kusa cika. Duk da haka ya dace da filashi, wanda ba a sake rubutu a kansa sai an goge babban yanki. A kan wannan tunani Samsung ta gina F2FS, tsarin adana fayiloli a filashi, wanda ya shiga Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta, a 2013, kuma wayoyin Android da dama suna aiki da shi.

Ina kira ga matasanmu masu haɗa kwamfutocin makarantu da asibitoci su duba irin wannan tsari kafin su zuba takardun jama'a a rumbu. Sai dai Windows ba ta karanta F2FS da kanta, don haka katin da ke da wannan tsari zai ƙi buɗewa a kanta ko da lafiyarsa ƙalau. Wanda katinsa ya ƙi buɗewa kada ya yarda a yi masa fomat, wato a goge shi a sake tsara shi, kafin a gwada ceto abin da ke ciki.

Wassalam.
Mai karatu daga Gadarif, Sudan