Kafin a yi gaggawar kammala biyan bashin gida

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin magidanta masu son sauke bashin gida, wato wanda suka ci a banki don saye ko gina gida, kafin wa'adi. Niyyar tana da kyau, amma a wurin aiwatarwa ake yin tuntuɓe.

A bashin shekara 30 mai ruwa kashi 6 cikin 100, sama da kashi 80 na biyan watan farko ruwa ne, uwar kuɗin kaɗan take raguwa. Shi ya sa ƙarin da aka yi da wuri ya fi amfani. Wanda ya ƙara biyan wata guda kowace shekara zai rage fiye da shekara 5. Sai dai a rubuta wa banki cewa ƙarin na uwar kuɗi ne, in ba haka ba wasu bankunan sai su lissafa shi a matsayin biyan wata mai zuwa. A kuma karanta yarjejeniyar, domin akwai masu cin tara kan biya da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne a zuba komai a bashin, a bar gida fayau. Kuɗin da ya shiga bulo ba ya fitowa ranar da yaro ya kwanta asibiti. A fara tanadin kuɗin hidimar gida na wata 3 zuwa 6, a biya ƙananan basussuka masu tsadar ruwa, sannan maigida da uwargida su zauna su yanke adadin ƙarin tare.

Naka,
Wani mai karatu