A riƙa auna mayafin jariri kafin a sa almakashi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin jan hankalin mata masu haɗa kayan haihuwa da 'yan'uwana teloli a nan Sakkwato kan girman mayafin da ake naɗe jariri da shi. Abin da aka saba shi ne a ɗauko fallen zani mai yadi 2 a ninka shi biyu ko huɗu, ko kuma a yanko guntun yadi da ka, ba awo. Kowanne yana da illa.

Jaririn da ya cika wata tara tsawonsa wajen inci 20 ne, nauyinsa kusan kilo 3. Mayafin da zai naɗe shi ya zama tsawo da faɗi daidai suke, domin ta kusurwa ake naɗi: a lanƙwasa kusurwa ɗaya ƙasa, a kwantar da shi kafaɗunsa a kan lanƙwasar, a ja gefe ɗaya ta kan ƙirji a cusa ƙarƙashin baya, a ɗago na ƙafa, sannan a rufe da ɗaya gefen. In yadin dogo ne siriri, gefe ɗaya sai ya yi yawa, ɗayan ya kasa kaiwa.

Mai inci 30 ta kowane ɓangare yana yi a makonnin farko, kuma ya dace da bakwaini. Amma yaro na yin wata guda zai fara kwance shi da shure-shure, yadin da ya kwance kuwa fuska yake nufa, ya toshe hanci. Shi ya sa na fi ba da shawarar inci 40 zuwa 42 don naɗi, a bar ƙaramin ya zama na shimfiɗa, na tsane jiki bayan wanka, ko na ɗorawa a kafaɗa saboda tumbuɗi. Wanda ya wuce inci 47 kuma sai ya zagaye yaro sau biyu ko uku. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ninki shi ke kawo ƙurajen zafi a wuya da hammata, yaro ya yi ta kuka ana neman dalili.

Ga lissafin yanka. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato inci 216, faɗinsa wajen inci 45. A fara wanke shi, domin auduga tana shiga a wankin farko, sitacin da ke jiki ma yana kartar fatar jariri. A cire gefen da ke ɗauke da rubutun kamfani, don ya fi sauran tauri kuma yana tattare ɗinki. Kalmasa ninki biyu ta rabin inci tana cin inci 1 a kowane gefe, saboda haka mai son 42 ya yanka 44, mai son 30 ya yanka 32. A nan ake yawan kuskure, tela ya yanka daidai awon da aka faɗa masa, a karɓo kaya a ga sun ragu da inci 2. Turmi ɗaya yana ba da manya 4 da ƙarami 1, ragowar ƙyalle a yi abin goge baki.

Irin yadin ma abin dubawa ne. Da yawa daga cikin masu araha da ake samu a kasuwa akwai roba a ciki, ba sa shan zufa. A zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana: auduga toka take zama, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Gaskiya tsohon zanin auduga da ya sha wanki ya fi sabuwar atamfa laushi, kuma ba abin kunya ba ne kaka ta yanka nata ta kalmashe wa jika. A guji leshi, duwatsu da geza a baki, domin zare yana naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu.

Lokacin hunturu kada a ƙara girman mayafi, a sa wa yaro riga da hula da safa, a naɗe shi da falle ɗaya. A taɓa ƙeyarsa, in da gumi a rage. Naɗin ya bar wurin yatsu 2 tsakanin ƙirji da yadi, ƙafafu kuma su sami sararin lanƙwashewa, don ɗaure su a miƙe yana iya taɓa ƙashin ƙugu. A kwantar da shi rigingine, kuma da zarar ya fara yunƙurin juyawa, wajen wata 2 zuwa 4, a daina naɗe masa hannuwa.

Mayafin nan ba ya maye gurbin zanen goyo da majanyi. Goyo yana buƙatar cikakken falle mai yadi 2, kada a gwada shi da mai inci 42, ba zai ɗauru ba.

Wassalam.

Mai ɗinkin kayan jarirai,
Sakkwato