Wasiƙa Zuwa Rovaniemi: Igiyar Nan a Jikinka Ake Maƙala Ta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara. Ya karatu, ya baƙunta, ya kuma sanyin Finlan? Mu nan Thunder Bay ta Kanada lafiya lau, hunturu ya kankama, bakin tafkin Superior ya fara daskarewa. Ranar Juma'a na yi waya da Hajiya, ta ce in tambaye ka ko da gaske ne a wajenku hasken rana bai wuce awa biyu zuwa uku a watan Disamba. Na ce mata haka yake. Ta yi ta salati, tana tambayar yadda kuke raba azahar da la'asar. Ka daure ka kira ta ka yi mata bayani da bakinka.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa, hotunan da ka turo ne na fitar da kuka yi da babur ɗin ƙanƙara a kan kogin Ounasjoki. Wallahi na ji daɗin ganinka, ka sha hular kwano da rigar sanyi har ba a gane ka. Sai dai a ɗaya daga cikin hotunan idona ya sauka a kan hannun babur ɗin, na ga igiyar nan mai murɗe-murɗe an nannaɗe ta a jikin ƙarfen, ƙugiyarta a maƙale da ita kanta, kai kuma kana zaune ba abin da ya haɗa ka da ita. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Wannan igiya ita ce igiyar kashe inji. Bakinta ɗaya murfi ne da ke zama a kan wani ɗan turke kusa da hannun babur, ɗaya bakin kuma ƙugiya ce da ya kamata ta kasance a jikin rigarka. Idan ka rabu da babur ɗin, igiyar ta miƙe, murfin ya fizge, wutar fulogi ta yanke, inji ya mutu nan take. Aikinta ke nan. In an nannaɗe ta a hannun babur, to ita da babu duk ɗaya.

Na san ka da babur tun muna samari, kuma na san abin da za ka ce: wanda ya yi shekaru yana ratsa cunkoson Kano a kan mashin, wane fili ne fari fat zai ba shi tsoro? To ai nan gizo ke saƙa. Mashin ɗin gida ƙafa biyu gare shi. Ka faɗi, shi ma ya faɗi, ya ɗan ja jiki a ƙasa ya tsaya kusa da kai. Wannan kuwa a kan abu uku yake tsaye: ƙafafun zamiya biyu a gaba, da faffaɗan belin roba mai haƙora a baya. Ba ya buƙatar kowa ya riƙe shi kafin ya tsaya daidai. In ya yar da kai, bai san ya yar da kai ba. Muddin injin na samun mai, tafiyarsa zai yi, kuma nauyinsa tsakanin kilo 200 da 300 ne.

Bari in faɗa maka gaskiya yadda take, don kada ka ce na zuzuta. Galibin lokuta in mutum ya faɗo, babban yatsansa na barin totur, totur ɗin ya koma da kansa, inji ya sauko, kulocin ya saki bel, babur ya ɗan gangara ya tsaya. Haka aka ƙera shi. Igiyar an yi ta ne domin ranar da hakan bai faru ba, kuma hanyoyin da zai ƙi faruwa suna da yawa a ƙasar sanyi. Danshi na shiga wayar totur ko maƙogwaron inji ya daskare, sai ka saki yatsa amma injin na nan a wuya. Babur na iya kifewa ta ɓangaren dama, dusar ƙanƙara ko reshen itace ya danne totur ɗin, bel ya yi ta juyawa a iska, kai kuwa ƙafarka na nan kusa da shi. Akwai kuma wadda ta fi kama sabon hannu: babur ya zabura, jikinka ya yi baya, ka ƙanƙame hannun don kada ka faɗi, a cikin ƙanƙamewar kuma ka ƙara matse totur. Mutum na jin kansa yana neman tsira, alhali shi yake ƙara wa abin wuta. In igiyar na jikin rigarka, da zarar ka zame baya sosai za ta fizge, magana ta ƙare.

Za ka ce ai akwai jan maɓalli a hannun dama, ana danna shi inji ya mutu. Akwai shi, kuma ka saba wa yatsanka da shi tun kafin ka bar harabar masu haya. Amma maɓallin nan sai hannunka na kan babur yake da amfani. Mutumin da ke kwance taku goma a baya, fuskarsa cike da dusar ƙanƙara, ba shi da hannun da zai kai can.

Wani abokin aikina ɗan ƙasar nan, wanda tun yana yaro yake hawa, ya ba ni labarin abin da ya same shi a kan wani tafki a arewacin garin nan. Ya bugi wani tudun ƙanƙara da bai gani ba, ya tashi sama ya faɗo, ko ƙwarzane bai yi ba. Da ya ɗago kai sai ya hango babur ɗinsa yana ta tafiya shi kaɗai, har ya je ya daki itatuwan bakin tafkin. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin ba asarar babur ɗin ba ce. Wayarsa, da ruwan zafinsa, da safar hannu ta canji, duk suna cikin akwatin baya. Ka yi lissafi da kanka. Iyakar gudu a hanyoyin babur na Finlan kilomita 60 ne a awa, a kan daskararren ruwa kuma 80. Minti goma kacal a gudun 60 ya raba ka da gari da kilomita goma. Kilomita goman nan a ƙafa, cikin dusar da ke kai wa gwiwa ko ƙugu, sanyi ya wuce 20 ƙasa da sifili, ga duhu ya rufa tun ƙarfe uku na rana, ba tafiya ce da ɗan Adam zai raina ba. Shi abokin aikin nawa Allah ya taimake shi ba shi kaɗai ya fita ba. Saboda haka wayarka ta riƙa zama a aljihun ciki, inda ɗumin jikinka zai hana batirin mutuwa, kuma lambar gaggawa a wajenku 112 ce.

Sannan babur ɗin da ya tsere ba matsalarka ba ce kai kaɗai. A kan kogin nan naku akwai masu kamun kifi zaune bakin ramukan da suka huda, akwai masu zamiya da yaransu, akwai ayarin 'yan yawon buɗe ido a jere, ga barewar ƙanƙara ta makiyaya da ke tsallaka hanya yadda ta ga dama. In ƙarfe mai wannan nauyi ya afka wa wani, haƙƙin a wuyan wa yake? Wannan ne ya fi damuna. Kada kuma ka ce mini komai ƙaddara ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma ka san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah: cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Yanzu ga yadda ake yi. Ka duba rigar da masu haya ke bayarwa, yawancin rigunan hawa suna da ɗan zobe a gaba, wajen ƙugu ko ƙasan ƙirji, an sa shi ne musamman domin wannan ƙugiya. In babu, ka nemi wani wuri mai ƙarfi a jikin rigar ko ɗamarar wando. Kada ka maƙala a jikin safar hannu, domin safa na iya zarewa ta bi babur ta bar ka. Kada kuma ka maƙala a ɗan marikin zif, ba shi da ƙarfi, shi zai tsinke kafin murfin ya fita. Wasu na ɗaurawa a wuyan hannu. Ni ban so hakan ba, don kana ɗaga hannu ka goge gilashin hula ko ka yi wa na baya alama sai inji ya mutu a tsakiyar hanya, kuma irin wannan kashewar ba gaira ba dalili ita ke sa mutane su fusata su daina amfani da igiyar gaba ɗaya. Ka tabbata ba ta sarƙe da hannun babur ko birki ba, ka juya kan hagu da dama har ƙarshe ka ga tana da sarari, ka miƙe tsaye a kan matakai ka ga ba ta fizge ba. Kada ka ƙara mata tsawo da wata igiya don neman sakewa. In ta yi tsawo da yawa, sai ka faɗi ka gama faɗuwa ba ta miƙe ba.

Kafin ka tashi, ka gwada ta. Ka tayar da inji, ka bar shi ya ɗan yi ɗumi, ka fizge murfin da hannunka. In bai mutu nan take ba, ka mayar musu da babur ɗinsu su ba ka wani, ko da ayari na jiranka. Haka nan ka matsa totur ka saki tun inji na kashe, ka ji yana komawa da kansa ba tare da ɗaurewa ba. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Mai yiwuwa ma wanda ka hau a nan garinku aka ƙera shi, domin kamfanin BRP na Kanada yana da masana'anta a Rovaniemi inda ake yin samfurin Lynx, ɗan'uwan Ski-Doo. A irin waɗannan, murfin igiyar shi ne makullin babur ɗin. Akwai 'yar na'ura a cikinsa da kwamfutar injin ke ganewa, tsarin da suke kira D.E.S.S., don haka murfin wani babur ba zai yi maka aiki ba sai dillali ya haɗa su. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, in murfin ya faɗa cikin dusa ya ɓace kana daji, ka zauna ke nan, wanda kuwa ya maƙala igiyar a rigarsa makullinsa na tare da shi duk inda ya faɗa. Na biyu, in ka mayar da murfin babur ya ƙi amsawa, kada ka firgita, yawanci dusa ce ta cushe cikinsa, ka kakkaɓe ta ka sake dannawa har ya zauna daram. Ranar da ka sayi naka, ka sa a yi maka murfi na biyu ka ajiye a aljihun ciki.

Da na ambaci kamfanin nan sai na tuna asalinsa. Joseph-Armand Bombardier, bakanike ne a ƙauyen Valcourt na lardin Kwibek. A hunturun 1934 ƙaramin ɗansa ya rasu da ciwon ciki saboda dusar ƙanƙara ta rufe hanyar asibiti. Ya duƙufa kan ƙera abin hawan da dusa ba za ta tare shi ba, har aka kai ga Ski-Doo a 1959. Duk lokacin da na ga ana wasa da rai a kan wannan abin hawa sai labarin nan ya faɗo mini, raina ya ɓaci.

Ba a kan ƙanƙara kaɗai ake ɗaukar maganar da muhimmanci ba. A Amurka, tun 1 ga Afrilun 2021 doka ta wajabta wa masu tuƙa ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba, su haɗa kansu da irin wannan makashin inji in suna gudu. Masu tseren babur ɗin ƙanƙara ma ba a barinsu su shiga fili sai da igiya a jiki, su da suka fi kowa ƙwarewa.

Akwai lokacin da kai da kanka za ka cire ta. In babur ya kife ko ya nutse a dusa za ku ɗaga shi, ka fara zare murfin kafin kowa ya sa hannu, domin mai ɗagawa hannun babur yake kamawa, totur kuma a nan yake. Kada kowa ya tsaya a bayan bel in inji na aiki, yana watso ƙanƙara da tsakuwa da ƙarfin gaske. Abu ɗaya da za ka kiyaye da dare: a babura da yawa inji na mutuwa fitila ma ta ɗauke, don haka ka sa 'yar tocila a aljihu, kuma in ka faɗi a hanya ka yi maza ka kauce gefe saboda na bayanka.

Sai maganar yara, tunda ka ce babban yana ta naci a hau da shi. Kada ka ɗora shi a gabanka. Yaro in ya tsorata abin da ke gabansa yake cafkewa, abin da ke gabansa kuwa totur ne. In kun tsaya shan shayi ko ɗaukar hoto, ka zare murfin ka tafi da shi a jikinka, kada ka bar inji na aiki yara na kewaye da shi. Uwargida ma in za ta karɓi tuƙi, ka cire ƙugiyar daga rigarka ka maƙala mata a tata da hannunka, ka sa ta fizge sau ɗaya ta ji yadda injin ke mutuwa.

In Allah ya kai mu hutun bazara ina da niyyar zuwa gida, ka sanar da ni ko tafiyarmu za ta zo ɗaya, in aika wa su Baba su san da zuwanmu. Ka gaishe mini da uwargida, ka shafa kan yara. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar karatu.

Wassalam,
Naka amini,
daga Thunder Bay