A ba wasan badminton gurbi a shafin wasanni

Ranka ya daɗe, Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in yi ƙorafi kan shafinku na wasanni, wanda ƙwallon ƙafa ya cinye kaf, har labari irin na Jia Yifan, 'yar wasan badminton (wasan da ake buga ƙwallo mai gashin tsuntsu ta saman raga) ta ƙasar Sin, bai samu ko layi ɗaya ba.

Wannan baiwar Allah, wadda bahaguwa ce, ita da abokiyar wasanta Chen Qingchen sun lashe gasar duniya ta mata bibbiyu har sau huɗu, a 2017 da 2021 da 2022 da 2023. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka sha kaye a wasan ƙarshe na gasar Olamfik a Tokyo, a hannun 'yan Indonesiya Greysia Polii da Apriyani Rahayu, suka koma gida da azurfa, ba su karaya ba, sai da suka ɗauko zinare a Paris a 2024 bayan sun doke 'yan ƙasarsu Liu Shengshu da Tan Ning.

A wayar hannu muka kalli wannan wasa a tsakar gida ni da 'yata, tana ta mamakin yadda ɗaya ke tsare bakin raga, ɗayar kuma tana kai duka daga baya. Washegari sai na tarar ta ɗaura igiyar shanya tsakanin bishiyar darbejiya da katanga, tana neman gashin kaza.

Ina roƙo ku riƙa kawo mana irin waɗannan labarai, ko da sau ɗaya ne a wata.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya