Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Da Ke Sayar Da Tikitin Hoki Na Jami'o'i

Zuwa ga Manajan Darakta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ne masu yankan tikitin kaka, wato na kakar wasa gaba ɗaya, na wasan hoki na kan ƙanƙara na maza, ajin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a nan jihar Minnesota ta Amurka. Ƙorafinmu shi ne manhajarku tana sayar da kujera kamar ta gidan sinima, ba ruwanta da yadda hoki yake.

Mu fara da taswirar kujeru. Wasa zango uku ne, kowanne minti 20, kuma ana musanya raga bayan kowane zango. Ke nan ƙungiyar gida tana kai hari raga ɗaya a zango na 1 da na 3, ɗayar kuwa a zango na 2 kaɗai. Duk mai kallon hoki wannan yake fara tambaya kafin ya ciro kuɗi, amma taswirarku ba ta nuna wace raga ce ba. Ba ta faɗi kujerun da ragar kariya ta bayan gola ta sha gabansu ba, ba ta kuma nuna waɗanda ke maƙwabtaka da ɓangaren ɗalibai, inda ake tsayuwa tun daga farko har tashi. Dattijo ko mai ƙananan yara ya zauna a bayansu, sai dai ya kalli ƙeya. Layin farko na jikin gilashin da ya kewaye filin kuma, da kuka fi tsawwala wa farashi, daga can ba a ganin kusurwar da ke nesa a gefe ɗaya. Ku rubuta haka, wanda ya so ya saya da saninsa.

Sai tikitin waya. Lambar da ake haskawa a ƙofa tana sauyawa bayan 'yan daƙiƙu, don haka hoton fuskar waya ba ya aiki. Mun san don maganin 'yan damfara kuka yi. To amma kakar tana farawa ne a Oktoba ta ratsa tsakiyar hunturu, kuma a Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 18 ƙarƙashin sifili. Batirin waya ba ya jure wannan. Wayar da ke da rabin caji takan ɗauke a layi. Ga dubban mutane sun taru a ƙofa lokaci guda, intanet ya yi nauyi, manhaja ta ce a sake shiga da kalmar sirri da yatsun da suka ƙage. Me zai hana tikitin ya buɗe ba tare da intanet ba, a kuma ajiye taga guda da za ta buga na takarda ga wanda ya nuna katin shaida?

Yawanci ana karawa da abokin hamayya ɗaya daren Juma'a da daren Asabar. Tikitocin biyu kamarsu ɗaya a manhaja, ranar kuma da ƙananan haruffa, shi ya sa ake tura wa baƙo na Asabar alhali na Juma'a ake nufi, kuma da ya karɓa babu hanyar janyewa sai shi ya maido.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne zagayen fitar da gwani da ake yi a Maris na wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku. Kuna karɓar kuɗin wasa na 3 tun kafin a san ko za a buga shi. In ba a buga ba, sai ku ajiye mana kuɗin a asusun manhaja, kuɗin hidima kuwa ya bi ruwa. Wace hidima aka yi a wasan da ba a buga ba? A mayar da kuɗin duka, cikin katin da aka biya da shi.

Muna kuma tuna muku cewa tun 12 ga Mayu 2025 dokar FTC, hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, ta wajabta nuna cikakken farashin tikiti tun a shafin farko. A shafin sake sayarwa naku, sai an zo biya ake ganin ƙari.

Muna jiran amsa a rubuce kafin a buɗe sabunta tikitin kaka mai zuwa.

Mu ne naku,
Masu tikitin kaka