Tarihin Birnin Katsina bai tsaya a bakin ganuwa ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku na makon jiya kan tarihin Birnin Katsina tun daga farko har ƙarshe, ni da jikokina biyu muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i. Allah ya saka muku da alheri. Na ji daɗin yadda kuka ɗauko zancen daga Durɓi ta Kusheyi, kuka zo kan Korau da ya kayar da Sanau kamar yadda labarin baka ya kawo, har zuwa hasumiyar Gobarau da zuwan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15. Abin da ya fi burge ni shi ne bayaninku kan yadda birnin ya bunƙasa bayan faɗuwar daular Songai a 1591, lokacin da ayarin raƙuma suka riƙa biyowa ta Agadas suna sauke kaya a Katsina, malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani kuma suka mai da garin wurin da ake tasowa daga nesa neman ilimi.

Amma da kuka iso kan jihadi, kuka ce wajen 1807 Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, sarakunan da ke kai kuma suka gudu arewa, sai kuka tsallake zuwa naɗin Muhammadu Dikko a 1906, da kwalejin Katsina, da zamanta babban birnin jiha a 1987. Nan ƙaramin jikana ya ɗago kai ya ce, "Kaka, arewa ina?" Na ce masa, "Nan inda kake zaune." Yaron an haife shi a Maraɗi, yana zuwa lakwal a Maraɗi, amma bai san ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Waɗanda suka bar birnin ba ɓacewa suka yi ba. Bayan Magajin Haladu, sarkin da aka kora daga birnin, ya rasu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ja sauran jama'a zuwa ƙasar Damagaram, suka yi shekaru can, sannan wajen 1819 suka dawo suka kafa mulki a bakin Gulbin Maraɗi. Ba su zo hannu rabbana ba, sun zo da sarautarsu cif: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka, Durɓi, duk yadda suke a birni. Har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, ba Sarkin Maraɗi ba, kuma akwai unguwa a garin nan da ake kira Ƴandaka. Sarkinmu Rauda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, bayan nan ne Gobirawa suka zauna a Tsibiri, maƙwabtanmu na kusa. Ɗan Baskore kuwa, wanda ya yi sama da shekara 20 yana sarauta, bai taɓa cire ransa daga komawa birnin kakanninsa ba, ya yi ta kai hari har ƙarshen rayuwarsa.

Ba don in tono tsohon miki nake kawo wannan ba. Yaƙe-yaƙen nan sun ci mutane ta kowane ɓangare, an kama bayi, an ƙone garuruwa, kuma ba na alfahari da wannan ɓangaren. Abin da nake nufi shi ne, ba za a fahimci tarihin birnin kansa ba in an cire Maraɗi. Kun faɗa cewa lokacin da Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shiga Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske amma mafi yawan cikinta fili ne da gonaki, mutanen ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba. Amma ba ku faɗi dalili ba. Fatake ba sa son hanyar da ake tare ta da mashi. Yaƙin da bai ƙare ba tsakanin birni da Maraɗi yana cikin manyan abubuwan da suka sa kasuwa ta koma Kano. Mai sauraron da bai ji wannan ba zai ɗauka haka kawai arziki ya tashi ya bar Katsina.

Daga baya Ingila da Faransa suka ja layinsu tsakaninmu, su suka koyi Ingilishi, mu muka koyi Faransanci, littattafan makaranta kuma kowane ya tsaya a kan iyakarsa. Tsohon garinmu ma ambaliyar 1945 ta cinye shi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu labarin yadda aka kwashe jama'a daga fadama aka hau tudu, inda garin yake yanzu. Duk da haka zumunci bai yanke ba. Tsakaninmu da Katsina bai kai kilomita 100 ba ta Ɗan Isa da Jibiya. Ƙanwata can take aure, kuma duk ranar da aka rufe iyakar nan, a tukunyar gidajenmu ake fara jin ta kafin ta kai ga labarai. Layin dogon da ake ginawa daga Kano ta Katsina ma, a Maraɗi aka tsara zai tsaya.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku yi kashi na biyu. Ku turo wakilinku fadar Maraɗi, musamman ranar hawan sallah, ya ji kirarin da maroƙa da makaɗan fada ke yi wa sarakuna. Ya zauna da dattawan unguwannin Bagalam da Limanci da Mokoyo tun suna da rai, ya ƙarasa Tsibiri da Tasawa. In masauki ne matsala, ƙofata a buɗe take.

Allah ya ƙara ɗaukaka, ya bar zumunci.

Naku mai sauraro,
tsohon malamin lakwal,
unguwar Bagalam, Maraɗi.