Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Jami'armu: A Laburare Ba a Amsa Sallama

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya.

Ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe, daga Rigasa nake zuwa kullum, keke biyu tafiya, biyu dawowa. Ranar da aka rantsar da mu, kai da bakinka ka ce laburare shi ne zuciyar jami'a. To ranka ya daɗe, zuciyar nan ba ta magana.

Makon jiya na je neman littafi kan nahawun Hausa don aikin kammala digirina. Na yi sallama a teburin tambaya. Jami'in da ke wurin bai ɗago kai daga wayarsa ba, haɓa kawai ya ɗaga ya nuna mini sama, ya ce, "Je ki duba katalog." Na je na duba. Na samu lamba mai farawa da PL, na tsaya ina kallonta kamar laya. Kusan awa biyu ina zagaye tsakanin kantoci, ƙura na bin hijabina, kafin wani dattijo mai shara, Allah ya saka masa, ya ce, "'Yata, harsunan Afirka suna can ƙurya ta hagu." Mai tsintsiya ya yi aikin mai digiri.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ashe tun muna aji ɗaya jami'a ke da damar shiga JSTOR, wato rumbun mujallu da littattafan bincike na intanet. A bakin wata ƙawa na ji, saura wata uku in gama! Kalmar sirrin tana kulle a durowar wani, wataƙila ana jiran ta haihu. Mu kuwa muna ta zuba kuɗin data da na hoton takardu a shagunan bakin get.

Ba wai babu ilimin ba ne. Nan Zariya kusa da mu ake koyar da aikin laburare tun 1968, kuma duk wanda ya karanta fannin ya haddace dokar masanin laburare ɗan Indiya, Ranganathan, ta 1931 da ke cewa kada a ɓata wa mai karatu lokaci. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na iya sayen kwamfuta da fanka da kujeru, amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ba a ba da kwangilarta.

Na san ma'aikatan laburaren su ma suna da nasu kukan, mutum biyu a zauren da ke cike maƙil lokacin jarrabawa, ga ɗauke wuta. Akwai wata Hajiya a sashen mujallu da ke tasowa ta raka ɗalibi har gaban kanta; ita ko yabo ba na jin an taɓa yi mata. Maganar rufewa da wuri da littattafan da aka yage wa shafuka, sai wani jiƙon.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka shigo wata Talata ba tare da rakiya ba, ka nemi littafi ɗaya. Sannan a liƙa kalmar sirrin nan a allon sanarwa kafin 'yan aji ɗaya su kai inda na kai.

Taka mai biyayya,
Wata ɗaliba daga Rigasa, Kaduna